Malamin Biya a Baitulmali

Mutane da yawa suna tsammani ba wanda ya kai malamin biya jin daɗi, domin suna ganinsa zaune a inuwa, ga kuɗi tuli a gabansa. Alhali kuwa cikin ma'aikatan baitulmali duka, da wuya a sami wanda ya kai shi ƙarancin barci.

Baitulmali irin wanda ake rubuta shiga da fita a littafi, a Katsina aka fara kafa shi, zamanin Sarki Muhammadu Dikko, bisa shawarar Razdan Palmer, sa'an nan ya bazu sauran ƙasashen sarakuna. Kafin wannan, dagaci da hakimi kowa yakan ɗebi rabonsa cikin haraji kana ya miƙa ragowar gaba. Da baitulmali ya zo sai aka yanka wa kowa albashi, tun daga sarki har ɗan doka. To, albashi kuwa sai da mai biyansa. Ma'aji shi ne shugaba, amma wanda yake zama bakin taga jama'a suna ganin fuskarsa, shi ne malamin biya. Haka aka yi ta tafiya har 1976, lokacin da aka rushe En'e aka kafa ƙananan hukumomi.

A wancan zamani ko anini ba ya fita sai da takardar biya, wadda ake kira bauca. In ta iso, malamin yakan duba ko shugaban sashen da ya yi aikin ya sa hannu. Ya duba ko an tanadi kuɗin wannan aiki cikin ƙiyasin shekara, ko kuwa an riga an cinye su. Ya tabbata kayan da aka ce an kawo sun shiga sito, kuma ba a taɓa biyan wannan takarda ba. In ɗaya ya ɓaci, dole ya mai da ita inda ta fito. Mai kuɗi kuwa ba ruwansa da wannan. A ce mutumin ƙauye ne da ya kawo wa gidan yari itace, ya tako mil goma da ƙafa, sai a ce masa ya komo jibi. Bai san akawun da ya mance bai sa hannu ba, bai san shugaban da ya tafi rangadi ba. Wanda ya gani shi zai kai ƙara, shi kuma zai zaga a hanya. Nan ne karin maganar nan ta faɗa daidai, kura da shan bugu, gardi da karɓe kuɗi.

Ga kuma wuyar lissafi. Kwabo 12 ke yin sule, sule 20 ke yin fam. A ce lebura yana samun sule 2 da taro kullum, ya yi kwana 26, watau ladansa fam 2 da sule 18 da sisi ke nan. Irin wannan malamin zai yi wa mutum ɗari ko fiye, da alƙalami da tawada, ba na'ura. Sai a 1973, da naira ta zo a madadin fam, kwabo 100 ya zama naira guda, kawunan malamai suka ɗan huta. Da yamma in an rufe taga, sai a ƙirga abin da ya rage a akwati a gwada da littafi. In sisi ya ɓace, ba tashi sai an gano shi, ko da za a kunna fitila. In bai fito ba, daga aljihun malamin zai fito. Lalle wannan doka tana da tsanani, amma ba ta da aibu, domin dukiyar talakawa ce da suka sayar da gyaɗa da auduga suka biya haraji.

Shekarar kuɗi kuwa ran 31 ga Maris take ƙarewa. Cikin wannan wata 'yan kwangila da shugabannin sassa sukan yi ca a kansa, kowa yana so a biya kafin a rufe littafi.

Amma duk wannan mai sauƙi ne in an gwada da nauyin mutane. Manzon wani babba zai shigo ya ce, “Malam, maigida yana gaishe ka, ya ce a duba masa takardarsa yau.” Takardar kuwa ba ta cika ba. In ya biya, mai binciken kuɗi yana tafe, sa hannun malamin zai gani, ba zai ga manzo ba. In ya ƙi, ya san an rubuta shi cikin marasa kunya, wata rana sai ya ji an mai da shi wata gunduma mai nisa. Mai hankali a cikinsu yakan ce, “A gaya masa, ransa ya daɗe, da an cika ta zan kai masa da kaina,” sa'an nan ya garzaya ya sanar da Ma'aji, don kada nauyin ya zauna a kansa shi kaɗai.

Na gida ya fi wannan ciwo. Ƙanen uba zai zo da dare ya ce, “Ɗana, jibi suna, ga shi ba rago. Ara mini fam uku cikin akwatin nan, ƙarshen wata in mayar.” Yaya ɗa zai dubi baffansa ya ce babu, alhali mabuɗi yana aljihunsa? Malaman da suka ƙare a gidan yari, da yawansu ba da niyyar sata suka fara ba. Aro suka yi, suna ganin za su cike gurbin, sai Di'o ya faɗo ba sanarwa ya ce a buɗe akwati.

Akwai kuma zargi. Wanda bai iya karatu ba, dangwala yatsa yake yi a inda aka nuna masa, in ya je gida aka ce masa ai kuɗinsa sun fi haka, sai ya rantse malami ya cuce shi. Wani lokaci gaskiyarsa ce, don ba a rasa ɓata-gari, wani lokaci kuwa bashin da ya ci aka cire. Shi ya sa malamin kirki yakan yi murna in ɗalibin Yaƙi da Jahilci ya zo taga, ya karanta adadi da kansa, ya rubuta sunansa.

Yanzu ba fam, ba Di'o, yawancin biya ta banki ake yi, lissafi kuma kwamfuta ke yinsa. Sai dai magajin malamin nan a ƙaramar hukuma bai huta ba. Dā in an rufe taga jama'a sun watse ke nan sai gobe. Yau kuwa wayar hannu tana binsa har ɗaki, tsohon da ke jiran fanshonsa yana kira bayan lisha yana tambaya ko an sa hannu, shi kuwa takardar tun makon jiya ya aika da ita sama.