Ƙarfen da Aka Ƙera Don Ya Lanƙwashe

Bayan cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, wani ƙaramin ma'aikaci ɗan Gwandu da ke aiki a Kalgo ya jingine babur ɗinsa, ya sayi keken gwanjo mai giya bakwai. Da shi yake zuwa ofis, rarar kuɗin mai kuma ita yake aikawa gida. Da hutun Sallah ya tafi da keken Gwandu domin yawon gaishe-gaishe. A hanyar dawowa, yaran tasha suka kwantar da shi a but ta gefen dama, suka ɗora buhunan albasa a kai. Da aka sauke, ido bai ga abin da ya karye ba.

Washegari sarƙa ta fara ƙara. Wasu giyoyin suna shiga lafiya, wasu kuwa sai sarƙar ta yi tsalle, feda ta zame masa a tsakiyar titi. Mai gyaran da ya fara kai wa a Kalgo ya murɗa ƙananan sukurori biyu, ya tsiyaya baƙin mai, wanda ƙura ta manne wa kafin la'asar. Da abin ya faskara sai ya ce, "Malam, a cire tarkacen nan, a rage sarƙa, ka huta." Shawarar ba ta rashin hankali ba ce, hannun da ya ƙware a kan Raleigh da Phoenix masu giya ɗaya bai saba da wannan ciwo ba. Mai keke dai bai yarda ba, ya koma biyan kabu-kabu daga kuɗin da ya saba aikawa gida.

A bayan irin wannan keke akwai na'ura mai ƙananan ƙafafu biyu, aikinta ture sarƙa daga wannan faifan haƙora zuwa wancan. Tun 1984 da kamfanin Shimano ya fito da tsarinsa na sauya giya mai ƙas-ƙas, kowane dannawa yana jan waya gwargwado ƙayyadadde, kuma tazarar faifai da faifai a keke mai giya bakwai milimita 5 ce kacal. Na'urar tana rataye ne a jikin wani ɗan ƙarfe, maratayi, wanda galibi alminiyam ne mai laushi. Da gangan aka yi shi haka, domin idan aka bugu shi ya lanƙwashe, jikin keken ya tsira. Da zarar ya karkata, lissafin milimitocin nan ya ɓaci, kuma ɓacin ba iri ɗaya ba ne a kowane faifai. Sukurorin nan biyu, masu alamar H da L, iyaka kawai suke shatawa a gefe da gefe. Sassauta L alhali maratayi ya karkata ciki na iya jefa na'urar cikin wayoyin ƙafar baya ana tsakiyar gudu.

Wani dattijon mai gyara a Gwandu ne ya gano matsalar, a ƙarshen makon da ya biyo. Bai taɓa sukuru ba. Ya tsuguna a bayan keken, ya rufe ido ɗaya, ya ga ƙananan ƙafafun ba su tsaya saiti a ƙarƙashin faifai ba, sun jirkice wajen taya. "Ɗana, kwantar da shi aka yi?" in ji shi. Ya kwance na'urar, ya ɗauko wata tsohuwar ƙafar baya, ya ɗaura ƙarfen tsakiyarta a ramin maratayin, kasancewar zarensu ɗaya ne, mai milimita 10. Da ita ya riƙa bankarawa a hankali, yana auna tazarar ƙafafun biyu da tsinke sama da ƙasa, gaba da baya, har suka daidaita. Sai a sannan ya mayar da H da L mazauninsu, ya ja waya kwata-kwatan murɗi.

Ya kuma gargaɗe shi cewa alminiyam ba ya jure bankara sau da yawa, kuma maratayi kala-kala ne, kowane keke da nasa, don haka ranar da zai nemi sabo a Birnin Kebbi ko Sakkwato ya tafi da tsohon a aljihu. Yanzu mutumin ba ya shiga mota a tashar Gwandu sai ya ga an kwantar da keken ta hagu, a saman kaya.