Hular Sanyi da Hannun da Ya Saƙa Ta

Da zarar an ɗaure gero an kakkaɓe riɗi, iskar hunturu ta fara kaɗawa, sai kamannin mutane su canza a Mallawa ta ƙasar Damagaram. Masu zuwa sallar asuba kowa ya rufe kunne. Yara masu tafiya makaranta sun cusa hannu a hammata, leɓe ya tsage, ƙafa ta yi fari fat. A cikin wannan hazo, abin da ya fi ɗaukar ido shi ne hulunan saƙa: ja, kore, shuɗi, ruwan ƙwai, wata da tuntu a ƙoli, wata da igiya biyu da aka ɗaure a ƙarƙashin haɓar jariri. Da yawansu ba su taɓa shiga kanti ba. Wata baiwar Allah ce ta zauna a tsakar gida da kwarashi ko tsinken saƙa ta fitar da su.

Wanda ya san ƙasar Damagaram da zafin Afrilu kawai, lokacin da ma'auni ke haura digiri 40, zai yi mamakin wannan shiri. Amma a watan Janairu dare kan sauko zuwa wajen digiri 15, wani lokaci ƙasa da haka, ga busasshiyar iska mai ratsa zana, ga ɗakunan da aka gina don gudun zafi. A tambayi ɗan kabu-kabun da ya ɗauki fasinja da duku-duku ran Alhamis zuwa kasuwar Maigatari, ko mai lambun da ke ban ruwa kafin rana ta fito. Su ne suka san darajar dogon ƙyallen nan na saƙa da ake naɗawa a wuya a ja shi ya rufe hanci, aikin da rawani ya daɗe yana yi wa manya.

Kakanninmu ma da zare suka yaƙi ɗari. Mata su gurje auduga, su shiɓe ta, su kaɗa da mazari, masaƙi ya mayar da ita gwado ko luru. Saƙar tsinke daga baya ta shigo, ta makarantu da wuraren koya wa mata sana'a, sannan ta bi gida-gida, ƙanwa tana koya a wajen ya, amarya a wajen maƙwabciya. Zaren da muke kira ulu a yau galibinsa ba gashin tumaki ba ne, na masana'anta ne da ake sarrafawa daga sinadaran man fetur. Yana da sauƙin wanki, yana saurin bushewa, sai dai idan wuta ta taɓa shi narkewa yake ya manne a fata. Uwar da ta sa wa ɗanta rigar saƙa ta kula da shi idan an zauna jin ɗumi a bakin murhu.

Daɗin saƙa shi ne ba ta raba mace da mutane. Ana yi ana hira, ana yi ana gadin shanya kada awaki su ci, ana yi a layin awo a asibiti. Hannu yana tafiya, zuciya tana hutawa. Babban farin cikinta kuwa ranar suna ne, sa'ad da aka buɗe ƙunshin barka aka ga hula da riga da 'yan safa masu launi ɗaya, mata suna karɓa hannu-hannu suna tambayar wa ya yi. Kuma abin ya wuce ado. Jariri sabon haihuwa ba ya iya riƙe ɗumin jikinsa kamar babba, kansa kuma babba ne idan aka gwada da jikinsa, shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ke ba da shawarar a rufe masa kai, a manna shi a ƙirjin uwarsa. Hular kasuwa kan yi wa bakwaini yawa ta rufe masa ido. Mai saƙa kuwa za ta auna kan da tafin hannunta ta yi daidai da shi.

Ɓacin ranta ma ba kaɗan ba ne. Saƙa lissafi ce. Yaro ya yi kuka, ko a yi sallama a ƙofar gida, zare ya suɓuce daga tsinke ba a lura ba, sai an yi nisa a hango rami a tsakiya. Babu dabara sai warwara, aikin yini guda ya koma tulin zare mai lanƙwasa. Dogon nan na naɗawa a wuya ya fi kowanne gwada haƙuri, don ba shi da wuyar yi amma ba ya ƙarewa da wuri, kuma yana tona asirin hannu: ranar da aka saƙa da gajiya ya tsuke, ranar nishaɗi ya saki, sai ka ga faɗinsa ya ƙi daidaita. Ga hunturun kansa, yatsu sun yi kaushi suna kama zare, ƙura ta mayar da fari ruwan ƙasa tun ba a gama ba.

Sai kuma zare ya ƙare saura kaɗan. A aika kasuwa, a dawo da wani ja wanda ba jan farko ba. Zaren nan daga nesa yake zuwa, daga Kano ko daga birnin Damagaram, kuma mutanen Dungas da Magarya sun san yadda kaya ke tsada idan aka rufe iyakar Nijar da Najeriya, kamar yadda aka yi a 2019, aka kuma yi bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, 2023. Mai saƙa tana saye da naira yau, gobe ta sayar da sefa, canji yana cin ribarta ba ta ankara ba.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne ciniki. Mutum ba ya tuna mai saƙa sai sanyi ya kama shi, ya zo yau yana so gobe, alhali kasuwar wata uku ce kacal, daga Disamba zuwa Fabrairu. Idan an gama kuma, sai ya ce ai ya ga irinta a gwanjo da rabin kuɗin. Ban raina gwanjo ba. Dilolin da ake kwancewa a Ƙofar Wambai ta Kano sun rufa wa talakawa da yawa asiri. Amma mai tayin nan kuɗin zare kawai ya ƙirga, ya manta da dararen da aka yi ana saƙa da hasken tocila, da ciwon wuya, da idon da ke yaji. Araha ba ta ado, kuma mata da yawa sun ajiye tsinke saboda irin wannan tayi.

Don haka, mai karatu, idan akwai mai saƙa a unguwarku, kai mata aikinka tun da kaka, ka ba ta kuɗin zare a hannu, idan ta faɗi ladan aikinta ka biya ba tare da ja-in-ja ba. Ke kuma da kika iya, ki zaunar da yarinya ko ɗaya ce ki koya mata kafin sanyin bana ya wuce.