Kafin Kiɗan Bach Ya Koma Lamba

A birnin Leipzig na ƙasar Jamus, wajen 1730, makaɗin da ya karɓi takardar kiɗa daga hannun Johann Sebastian Bach ba zai tarar da wata lamba mai gaya masa saurin da zai bi ba. Ɗauki jerin kiɗansa na uku na babbar ƙungiya, wanda masu kundi suka yi wa alamar BWV 1068: kakaki uku, tambura, algaita biyu irin tasu, sai goge manya da ƙanana. Abin da ke saman kowane kashi suna ne kawai, galibi sunan rawa, gavot ko bure ko jig. Kuma ya wadatar. Wanda ya tashi yana ganin ana taka gavot a gidajen biki, ƙafarsa ta san tafiyarta tun kafin idonsa ya kai kan takarda, ya san inda ake ɗagawa da inda ake saukewa, ya kuma san in zauren mai amsa kuwwa ne sai an sassauta, kada sauti ya hau kan ɗan'uwansa. Da Quantz, malamin sarewar Sarki Frederick na Prussia, ya so ba ɗalibai ma'auni a littafinsa na 1752, bugun jijiyar hannun lafiyayyen mutum ya ɗauka, kusan 80 a minti. Metronom kuwa, na'urar ƙirga bugu, sai a 1815 Maelzel ya yi mata rajista, lokacin Bach ya shekara 65 a kabari.

Yau manhajar waya ke faɗin saurin, cikin 'yan daƙiƙu.

Kada yaran yanzu su ɗauka zamanin daɗi ne zalla. Lully, shugaban makaɗan Sarkin Faransa, da doguwar sanda yake dukan ƙasa don ya riƙe wa jama'arsa bugu. A 1687 ya kuskure ya daki ƙafarsa, ciwon ya ruɓe, shi ne ajalinsa.

Sai batun gidan sauti, wanda 'yan situdiyo ke ce wa ki. Kashi biyar na jerin nan na Bach duk a gidan D suke, kuma ba son zuciya ya sa ba. Kakakin wancan zamani ba shi da maɓallai. Tsawon bututunsa ke yanke masa sautukan da zai iya fitarwa, akasarinsu kuma a D aka ƙera su. Saboda haka kunnen mutane ya saba jin D tare da tambura da fitowar sarki da labarin nasara, har Mattheson na Hamburg, a littafinsa na 1713, ya lissafa shi cikin gidajen hayaniya da murna da yaƙi. Ga shi kuma ɗaurin kayan kiɗa a lokacin bai raba matakan sauti daidai wa daida ba, kowane gida da ɗanɗanonsa. Shi ya sa kashi na biyu, wanda ake kira Air, yake kama zuciya: gidan bai canza ba, amma kakaki da tambura sun yi shiru, an bar goge su kaɗai, babban cikinsu yana takawa a ƙasa sannu a hankali.

D ɗin ma ba ɗaya ba ne ko'ina. Kowane gari da tsayin muryarsa, wani lokaci ma a cikin coci guda. A Leipzig ogan ya ɗara sauran kayan kiɗa da cikakken mataki, dole a rubuta wa mai kaɗa shi takardarsa daban, mataki ɗaya ƙasa, kafin a haɗu. Sai a 1939, a wani taro a Landan, aka tsayar da sautin A a kan girgiza 440 a daƙiƙa.

Kafin nan wasu sun riga sun taɓa kiɗan. A 1871 mai goge August Wilhelmj ya sauke Air zuwa gidan C domin a goga shi a kan tsirkiya guda, ta G, kuma sunan da ya bi shi ke nan har gobe. Ku da kuka ji shi a rediyo shekarun baya, mai yiwuwa irin na jagororin makaɗa su Karajan kuka ji, mai kauri, mai jan ƙafa. Su Harnoncourt na Vienna ne suka koma wa tsofaffin kayan kiɗa, suka sake tuna wa duniya cewa yawancin jerin nan rawa ce.

Ku ɗin nan dai kun san abin da ke faruwa in batirin rakoda ya yi sanyi: kaset ya rage gudu, muryar mawaƙi ta yi ƙasa ta koma ta gardi. Sauri da murya a ɗaure suke da juna a lokacin. Mai haɗa faifai a garmaho in ya ƙara gudu da kimanin kashi 6 cikin ɗari, sautin ya hau rabin mataki, ko ya so ko ya ƙi. Kwamfuta ta tsinke wannan igiya. DJ na yau yana da taswirar Camelot, zagaye mai kama da fuskar agogo, inda D ya zama 10B, maƙwabtansa 9B da 11B da 10A. Muddin ya tsaya cikinsu, waƙa za ta shige cikin waƙa ba karo. Dabara ce mai kyau, ni ban raina ta ba, kuma tushenta zumuncin gidajen sauti ne da Bach ya sani sarai.

Sai dai lambar faifai guda take aunawa. Air a hannun makaɗan zamani 10B ne. Na Wilhelmj 8B. Masu tsofaffin kaya da ke ɗaure A a 415, nasu D ɗin yana sauka rabin mataki, manhaja ta rubuta 3B. Saurin ma wani lokaci takan ninka shi, don takun babban goge take ƙirgawa. DJ ɗin da ya ga 10B a jeri ya ɗora faifan 'yan 415, zai ji karo mai sa a toshe kunne. Ba ya ɓata lokaci. Maɓalli yake dannawa ya ɗaga Bach rabin mataki, ya ci gaba da sha'aninsa.