Kisa Biyu, Kalma Ɗaya

Litinin, Maradi

Takarda ta iso gidan rediyonmu da Faransanci, kamar kullum. Mutum biyu za a gurfanar gaban alƙali: an rubuta wa ɗaya *meurtre*, ɗaya *assassinat*. Na ce da duka biyun "kisan kai", na karanta a labaran yamma. Na kwanta, amma raina bai kwanta ba.

Talata

Na buɗe kundin hukunta laifuka na Nijar, na 1961. *Meurtre* shi ne kashe mutum da gangan, hukuncinsa ɗaurin rai da rai. *Assassinat* kuwa kisan da aka kwana da shi a zuciya ne, ko aka yi wa mutum kwanton ɓauna. Hukuncinsa kisa, duk da rabon Nijar da zartar da shi tun 1976. Tsakanin kalmomin nan biyu akwai ran mutum, ni kuwa jiya na zuba su a ƙwarya ɗaya. Iyayen mutanen nan ba sa jin Faransanci. Abin da bakina ya faɗa, shi ne abin da suka sani game da ƴaƴansu.

Laraba, Tibiri

Na hau kabu-kabu zuwa wurin malamin da ya karantar da ni *Risala* ina yaro. Bayan gaisuwa na ce, "Allah gafarta Malam, Hausa ce ta gaza mini."

Ya ce, "A'a, ɗana. Kalmar tana bakinku, ku ne kuka sake ta ta yi yawo."

Gilla yake nufi. Ya tuna mini yadda Malikiyya suka raba abin. Akwai kisan kuskure, dangin wanda ya yi su haɗa diyya. Akwai na ganganci, magada su nemi ƙisasi ko su yafe. Sai gilla, daga Larabci *ghila*: ka yaudari mutum zuwa inda babu mai cetonsa, ka kashe shi don abin hannunsa. A wannan babu yafiya ko da magada sun so, magana ta koma hannun shugaba.

Mu kuwa a rediyo duk kisan da ya tayar mana da hankali sai mu ce na gilla ne. Mun mai da kalmar shari'a ta zama kukan baƙin ciki. Abin ya tsaya mini a rai har na wuce ƙofar fadar Sarkin Gobir.

Alhamis, Jiratawa

Na je sayen zogale. Wani dattijo a bakin fadama ya ba ni labarin ɗan ƙanensa, mai kabu-kabu, da fasinja ya ja shi daji ya kashe shi saboda babur. Bai ce makashi ba ko sau ɗaya. Cewa yake, "Maci amanar nan." Na ce, "Baba, Allah ya ji ƙansa." Muka daɗe shiru.

Juma'a, Maradi

Gilla ba ta rufe *assassinat* duka ba, don mutum na iya shirya kisa ba tare da yaudara ba. Saboda haka yau na ce ana tuhumar na farko da kisan ganganci, na biyu da kisan da ya shirya tun da farko. Abokin aikina ya ce maganar ta yi tsawo. Na rage labarin farashin gero, na bar maganar yadda take.