Yini Guda a Samaru, Inda Ake Karanta Rubutun Cikin Wake

Ni mutumin Kurfi ne, a gonar gero da wake na tashi. Na san baƙin cikin manomin da zai ɓare kwanso ya tarar tsutsa ta riga shi ci. Da na ji labarin cewa a Samarun Zariya an fitar da waken da ke kare kansa daga wannan tsutsa, sai na ce gani ya kori ji. Na yi sammako zuwa Dutsin-Ma, muka bi ta Funtuwa da Giwa da Shika, har na sauka a ƙofar Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Jami'ar Ahmadu Bello, wadda asalinta ke komawa ga shekarar 1922.

Wani matashi mai farar riga ne ya shigar da ni ɗakin gwaji. A gabana ya niƙa ɗanyen ganyen wake, ya tace ruwan cikin wata 'yar kwalba, ya tsiyaya masa wani sinadari mai sanyi. Jim kaɗan sai ga wani farin abu yana tasowa, siriri kamar zaren kaɗi. Ya ɗaga kwalbar wajen haske ya ce, "Baba, ka ga DNA ke nan." Na daɗe ina kallonsa ban ce uffan ba.

Ya ɗauko igiya ya nuna mini tufkarta. Haka abin yake, sili biyu ne murɗe da juna, tsakaninsu akwai matakai irin na tsani. Sinadarai huɗu ne ke yin matakan, ana kiransu da haruffan A, T, G da C. Kullum A da T take haɗuwa, G kuma da C. Jerin waɗannan haruffa shi ne umarnin da ke sa wake ya fito fari ko ja, ya nuna da wuri ko ya yi jinkiri, kuma na wake sun kai kimanin miliyan 600. Masana biyu, Watson da Crick, ne suka bayyana wannan siffa a Ingila a 1953, bisa hotunan da Rosalind Franklin da abokan aikinta suka ɗauka.

Yadda abin ke kwafar kansa ne ya fi ratsa ni. Idan ƙwayar halitta za ta rabu biyu, sai tufkar ta warware, kowane sili ya zama allon da ake duba a rubuta abokinsa. Igiya ɗaya ta koma biyu, kowacce rabinta tsoho rabinta sabo. Akwai ma sinadarin da ke bin rubutun yana gyara kuskure, kamar malami mai duba allon almajiri. Nan na gane dalilin da ya sa irin da kakata ke ɓoyewa cikin toka yake fitowa da kamannin uwarsa kowace damina. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe.

Da wannan ilimi ne Farfesa Mohammad Ishiyaku da tawagarsa, tare da masana daga Ostireliya, suka samar da waken da na zo gani, wato SAMPEA 20-T, wanda gwamnati ta amince da shi a 2019. An sanya masa wani guntun rubutu daga wata ƙwayar bakteriya ta cikin ƙasa, wanda ke hana tsutsar sakat. Manomin da ke feshi sau shida zuwa takwas, yanzu sau biyu ya wadatar masa.

Tsaftar wurin da haƙurin mutanensa sun burge ni: kowane tsiro da lambarsa, kowace kwalba da kwanan watanta. A hanyar komowa na yi ta tunanin gida. Muna da Jami'ar Tarayya a Dutsin-Ma tun 2011, ga ruwan madatsar Zobe, ga ƙasar noma. Iyayen Kurfi da Dutsin-Ma, mu tura yaranmu, maza da mata, su koyi karatun wannan allo, domin abincinmu a cikinsa yake.