Kunun zaki a Jidda: firji kafin injin markaɗe

Duk mai dama kunun zaki a Jidda ya san zafin garin nan ba ya ɗaga wa kowa ƙafa. Da bazara yakan doshi digiri 40, ga gumin Bahar Maliya. Kunun da aka dama da safe, in aka bar shi a waje, kafin la'asar ya fara tsami yana kumfa. Ƙwayoyin yis ne ke cinye zaƙinsa, kuma in aka ƙyale su kwana biyu, abin ya kama hanyar burkutu. A ƙasar da giya haramun ce a addini da doka, wannan ba abin wasa ba ne, balle ga mai sayarwa irina.

Shi ya sa da na tara 'yan riyal, ban fara da injin markaɗe mai tsada ba, duk da 'yan'uwa a Karantina shi suka ce in saya. Ƙaramin firji na ɗauko, na saita shi ƙasa da digiri 5. Daga nan sai tukunyar ƙarfe marar tsatsa mai murfi, domin bokitin roba in ya karce yakan riƙe tsamin jiya ya zuba wa kunun yau. Sai rariya mai laushi. Tsohon injina kuwa har yanzu yana markaɗa gero, muddin ya kwana a jiƙe.

Mutanen Hijaz masu sayar da sobiyar sha'ir da azumi ma cikin sanyi suke ajiye ta. In kuɗinku na abu ɗaya ne, ku sayi firji tukuna.