Zarton da Ya Dakushe Shi Ke Cin Yatsa

Kafintoci da yawa a bakin babbar hanyar da ta bi ta Bombuwaka zuwa Dapawong sun daina kai faifan zarto washi. Ana sayo mai araha daga kasuwar Sinkase, a yi ta yanka da shi har katako ya fara hayaƙi, sannan a jefar bayan shago a sayo wani. Abin nan ya hana wani tsohon kafinta sakat. Bahaushe ne ɗan zango, a Sokode ya yi koyo, amma cikin 'yan ƙabilar Moba ya tsufa yana yi musu ƙyaure da benci da gado. Duk yaron da ya zo gaishe shi, kafin ya gama cewa “Baba, ina wuni”, tsoho ya tambaye shi yaushe rabon faifansa da mai washi.

Dalilinsa ɗaya ne, kuma ba ya gajiya da maimaita shi: zarto mai kaifi da kansa yake cin katako, wanda ya dakushe kuwa sai an tura da ƙarfi, kuma hannun da ke turawa da ƙarfi shi ke zamewa. Faifai yana juyawa sau 3,000 zuwa 4,000 a minti. Tsoho ya taɓa yin yaro a shago wanda ya rasa yatsu biyu a kan faifan da ya kamata a ce an kai washi tun mako guda kafin nan, aka jinkirta saboda ana sauri a gama ƙofofin wani mai gini. Yaron nan yanzu magidanci ne mai sayar da hatsi. Tsoho bai taɓa wucewa ta rumfarsa ba sai ya sunkuyar da kai.

A Sokode ya san wannan darasi, garin katakon tek. Jamusawa ne suka kawo itacen tun farkon ƙarni na 20, kuma duk kyansa yana da ɗan yashi-yashi a jiki mai cinye bakin ƙarfe da wuri. A wancan lokacin, da zarton hannu ake aiki. Maigidansa kan matse zarto tsakanin katako biyu, ya lanƙwasa haƙori ɗaya hagu ɗaya dama, sannan ya bi su da magagari mai kusurwa uku, kowane haƙori shafa uku daidai. Yaron da bai iya wannan ba, ba a yaye shi. Har yau tsoho kan ce kafintan da bai iya wasa kayan aikinsa ba ɗan dako ne kawai.

Sai kuma ka ji shi, a zama guda, yana rantsuwa cewa kada kowa ya kuskura ya wasa faifan inji da hannunsa. In aka ce masa ai maganar ta ci karo da ta ɗazu, sai ya ɗauko tsohon faifai ya nuna da farce. A bakin kowane haƙori akwai ɗan ƙarfe mai tauri da aka liƙa, wanda magagari ba ya ko yi wa kwarzane, sai dutsen washi mai garin lu'ulu'u. Gwani yakan fara wanke ƙaron itace da ya daskare a jiki, ya ɗora faifan a kan inji, ya shafi kowane haƙori a kusurwarsa, ya bar su duka tsawo ɗaya. Faifai mai haƙori 24 na tsaga ne, mai 60 na yankan gicci ne mai santsi, kowane da irin washinsa. Yaran yanzu kuwa injin gurzar ƙarfe suke ɗauka su bi haƙoran da ido. Ɗaya ya fi saura tsawo, shi kaɗai ya yi ta aiki, ya yi zafi, liƙin ya saki, ya fita kamar harsashi. A nan muryar tsoho kan hau. Yakan ce wanda ke da kuɗin sabuwar waya bai da bakin cewa kuɗin washi ya yi masa yawa.

Da can faifai kan yi tafiya. A naɗe shi a kwali, a ba direban da aka sani, ya ratsa Mango da Kara da duwatsun Alejo, fiye da kilomita 250, ya kai wa wani mai washi a Sokode, ya dawo bayan kwanaki. Shi ya sa ake ajiye biyu, ɗaya na aiki ɗaya na hanya. Da aka karya darajar sefa a Janairun 1994, kayan Turai suka ninka kuɗi, faifai mai kyau ya zama abin da ake kullewa a akwati. A ganinsa tun daga nan mutane suka koma wa araha, ba su sake juyowa ba.

Katakon ma ya canza. Madobiya, wadda ake yin kujerun alfarma da ita, an yi ta lodinta zuwa Sin har gwamnatin Togo ta hana saranta na shekara goma a 2016. Maɗaci da kawo sun yi wuya. Tsoho yana jin zafin ganin an ɗora guntun maɗaci mai tsada a kan dakusasshen faifai, gefensa ya fito baƙi da ƙuna, a ƙare ranar ana gogewa. Amma ya yarda cewa in tsohon katakon rufi ne mai ƙusa a ɓoye, a sa masa na Sinkase, kada a ɓata mai kyau.

Abin da yake nema yanzu wajen kafintocin Dapawong da na Tanjuware shi ne su haɗa kuɗi su tura yaro ɗaya mai natsuwa ya koyo washi a Lome, su saya masa inji, ya dawo ya zauna kusa. Ya faɗa musu a wurin suna, ya faɗa a wurin jana'iza. Kowa ya ce “to, Baba”. Shi kuwa ya riga ya zaɓi yaron da yake so a tura: ɗan fari na mai hatsin nan.